Makin aji ɗaya yana bin mutum har ya fita

Wanda ya shigo jami'a daga sakandare yakan zo da ɗabi'ar da ya shekara shida yana ginawa, ta jiran a ce masa yi kaza. A can akwai ƙararrawa, akwai malamin da zai kira sunanka ya tambaye ka ina jingarka. A jami'a ba mai kiran sunanka sai lambar rajista. Manyan darussan aji ɗaya, irin su lissafi da Turancin da kowa ke yi a ƙarƙashin GST, wato darussan gama-gari, ɗaliban sassa da yawa ake tarawa a ɗaki guda. Wanda bai yi sammako ba sai ya tsaya a bakin taga, ya jingina littafi da bango yana rubutu, rabin maganar malami na ɓacewa cikin hayaniya. Ka zo ko ba ka zo ba, lakca za ta wuce.

Duk wannan mutum yakan saba da shi kafin zango ya raba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a shekarar da na yi aji ɗaya shi ne wani lissafi da ba a tsaya an yi mana bayaninsa a bikin maraba da sababbin ɗalibai ba. Wani ɗan aji uku ne ya zauna da mu bayan la'asar, a karatun ƙari da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ke shirya wa 'yan aji ɗaya, ya juya bayan wata tsohuwar takarda ya ce, "Ƙannena, ku matso ku ga yadda ake cin jami'a da yadda take cin mutum."

A inda na yi karatu, ma'aunin 5 ake bi. Maki 70 zuwa sama A ne, yana da daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B, daraja 4. Daga 50 zuwa 59 C, daraja 3, haka har zuwa F mai sifili. Ana ninka darajar da yawan yunit na kowane darasi, wato nauyin da aka ba darasin, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi rajista. Abin da ya fito shi ne CGPA, kuma ba a share shi a sake sabo da shigowar sabuwar shekara, tarawa ake yi. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, mai daraja ta biyu babba daga 3.50.

Sai ya buga misali. A ce kwas ɗinka na shekara huɗu ne, yunit ɗin kowace shekara kuma kusan ɗaya. Idan ka gama aji ɗaya da 2.50, kafin ka fita da 3.50 sai ka riƙa samun kusan 3.83 a duk shekaru ukun da suka rage. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta kuɓuce, domin tana buƙatar abin da ya haura 5, kuma babu shi a ma'aunin. Ko mai 3.00, kafin ya same ta, sai ya ci A a kowane darasi har ya gama. Muka yi tsit. Galibinmu a lokacin ɗauka muke aji ɗaya shekarar hutun gajiyar JAMB da WAEC ce, karatun gaske sai an shiga aji biyu. Alhali darussan aji ɗaya su ne mafiya sauƙi da mutum zai gamu da su, yawancinsu ƙari ne kaɗan a kan na sakandare.

Daga nan na daina raina darussan GST. Ana yi musu kallon cike gurbi, amma yunit biyu na Turanci da yunit biyu na darasin sashenka nauyinsu ɗaya a lissafi. Na kuma gane darajar makin tes da jinga, wanda kan kai 30 ko 40 cikin 100. Wanda ya tara 25 a nan ya shiga jarrabawa da kwanciyar hankali. Wanda kuwa ya tafi gida biki ranar da malami ya yi tes na ba-zata, A ta yi masa nisa. Faɗuwa ma ba ta tsaya a sifili ba: za ka ɗauko darasin baɗi, ka zauna da ƙannenka, lokacinsa kuma sau da yawa ya yi karo da wata lakcar ta ajinka.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba a cika son faɗa ba. Da yawa daga cikinmu da muka fito daga makarantun gwamnati mun san karatun, saurin Turancin malami ne ke wuce mu, kunya kuma ta hana ɗaga hannu a gaban ɗaruruwan mutane. Abin da ya fisshe mu shi ne zaman dare na mutum huɗu ko biyar. A warware darasi da Hausa har ya zauna, sannan kowa ya ɗauki tsohuwar takardar jarrabawa ya rubuta amsa da Turanci, a yi musaya a duba wa juna. Waɗanda suka tsaya a bayanin baki kawai, ba su gwada rubutawa ba, su ne ke fitowa daga jarrabawa suna cewa sun san amsar amma ta ƙi rubutuwa.

Kuɗin abinci ma yana taɓa karatu fiye da yadda iyaye ke zato. A ɗakinmu haɗa tukunya muka yi, wannan ya kawo shinkafa da wake daga gida, wancan manja da yaji, garin kwaki kuma a ajiye shi don ƙarshen wata.

Da aka liƙa sakamakon zangon farko a allon sashe, wasu suka nemi lambarsu suka ga ba maki a gaban wani darasi, saboda ba su shigar da shi daidai a takardar rajista ba. Shi ya sa duk wanda ya samu gurbi daga unguwarmu nake ce masa ya fara neman malamin da ke kula da ajinsu, ya kai masa takardar ya duba kafin ya sa hannu, ya kuma ajiye kwafi a jaka.