Ranar da na ajiye maganin hawan jini

Ni fa ban taɓa kawo wa raina ina da hawan jini ba, don ba ciwon kai ba jiri, lafiyata ƙalau nake ji. Wani abu daban ne ya kai ni asibiti, nas ta ɗaura min abin awo a dantse, sai na ga ta sake aunawa, 168/102. Na koma sau biyu bai sauko ƙasa da 140/90 ba, nan likita ya tabbatar min. Shi ya ganar da ni cewa lambar sama ƙarfin da jini ke tura jijiyoyi ne idan zuciya ta matse, ta ƙasa kuma idan ta saki.

Aka ɗora ni kan amlodifin, ƙwaya ɗaya kullum. Wata biyu awo ya dawo 128/82, ga ƙafata ta fara ɗan kumbura, sai na ce ai na warke, na ajiye maganin ban gaya wa kowa ba. Wallahi ko wata ba a yi ba ya koma inda yake. Da na koma likita ya ce, "Malam, ba warkewa ka yi ba, maganin ne ke riƙe da shi." Ya ce ciwon nan a ɓoye yake cin mutum, yana lalata ƙoda da zuciya da ido, wani sai ɓarin jikinsa ya shanye sannan a gano, kuma kumburin ƙafar da na ɓoye sananne ne da wannan maganin, da na faɗa tun farko da an rage shi ko an canza min wani. Abin ya tsaya min a rai sosai.

Yanzu ina da na'urar awo a gida. Sai na zauna minti 5 na huta, hannu daidai da ƙirji, ba magana, sannan in auna in rubuta a littafi. Gishiri na rage, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Ina tafiyar ƙafa minti 30 kwana biyar a sati. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak na daina shansu kai tsaye don suna ɗaga awo.

Maganin kuwa kusa da buroshin haƙorina yake zama, da na tashi da safe shi nake fara sha.