Mutumin da ya riga gobara zuwa ƙauyen Čičmany

Tun satin da ya wuce akwai wasu tsofaffin hotuna da suka ƙi fita min a rai. Ina ta yawo a intanet da daddare na ci karo da su, baƙi da fari, gidajen katako masu duhu an bi jikinsu kaf da farin zane, ga tsuntsaye, ga zuciya, ga wasu layuka da suka nannaɗe kamar ƙahon rago. Sunan ƙauyen Čičmany, ana faɗinsa kamar Cicmani, yana can cikin duwatsun ƙasar Sulobakiya. Matan ƙauyen ne ke yin zanen da farar ƙasa, asali don kada damshi da rana su cinye katakon, a hankali abun ya zama ado. Da na bi diddigin waɗanda suka fara ɗaukar ƙauyen a hoto sai na faɗa kan wani bawan Allah mai suna Pavol Socháň, kuma wallahi tun daga nan na kasa daina karanta labarinsa.

An haife shi a 1862 a Vrbica, daf da garin Liptovský Mikuláš. Ku tuna fa lokacin babu wata ƙasa mai suna Sulobakiya, yankin yana ƙarƙashin masarautar Hangari ne, kuma hukuma ta ɗaura ɗamarar sai kowa ya koma Bahangare, da harshe da suna da komai. Matica slovenská, ƙungiyar raya al'adunsu da aka kafa a 1863, rufe ta aka yi a 1875, manyan makarantun da ake koyarwa da harshensu ma aka kulle su a tsakanin nan. To a irin wannan yanayin ne mutum ya je ya koyi zane a Firag, babban birnin ƙasar Cek a yau, da Munik ta ƙasar Jamus, ya dawo ya buɗe shagon hoto a garin Martin a 1893, maimakon ya zauna yana ɗaukar masu kuɗi da amare yana tara abinsa, sai ya riƙa saɓa kayan aiki yana shiga ƙauye.

Kuma kayan aikin ba wasa ba ne. Ba irin wayar da muke latsawa sau hamsin mu goge arba'in da tara ba. Akwati ne na katako mai nauyi, da ƙafafu uku, da baƙin ƙyalle da mai ɗauka zai lulluɓe kansa, hoton kuma a kan farantin gilashi yake fita, kowane hoto da nasa gilashin, in ya suɓuce a hanya ya fashe shi ke nan wahalar ranar ta tafi a banza. Ga hawan dutse, ga sanyi, ga mutanen da sai an lallaɓa su kafin su yarda su tsaya cak ba motsi. Duk wanda ya yi haka shekara da shekaru ai ba neman kuɗi ya fito ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne irin abubuwan da ya ga sun cancanci gilashinsa. Kayan gargajiyar da suke kira kroj, wanda kusan kowane ƙauye da irin nasa, har ta kai daga aikin allurar da ke hannun riga ko ɗaurin kan mace za a gane daga ina ta fito da ko tana da aure. Gidaje, kayan aikin gona, makiyaya, masu sana'ar hannu. Mutanen da ke cikin abun su a wajensu ba komai ba ne, rigar da kaka ta ɗinka ce kawai, gidan da aka haife su ne kawai. Sai wanda ya ɗan fita ya ga duniya ya dawo ne yake tsayawa ya ce kai, wannan fa in ya tafi ba zai dawo ba. A 1895 da aka yi babban baje kolin al'adu a Firag, an gina irin gidan Čičmany a wajen, aikin mai zanen gine-gine Dušan Jurkovič, mutanen birni suka zo suna kallo baki buɗe.

Sai 1914, yaƙin duniya ya ɓarke, Socháň ya tsallaka Amurka. Can ɗin ma cike yake da 'yan uwansa, don tun shekarun baya talauci ya kori dubban 'yan Sulobak zuwa ramukan kwal da masana'antun ƙarfe na jihar Pennsylvania, suna da jaridunsu da ƙungiyoyinsu, a birnin Pittsburgh da ke jihar ma aka sa hannu kan yarjejeniyar 1918 da ta taimaka wajen haɗa su ƙasa ɗaya da 'yan Cek. Ya yi aikin jarida a cikinsu. Ni dai ina yawan tunanin yadda mutum zai ji yana zaune cikin hayaƙin masana'anta, alhali duk ƙauyukan nan suna cikin kansa, ya san kowace ƙofa. Bai daɗe ba, a 1919 ya tattara ya koma gida, shekarar da aka sake buɗe Matica slovenská.

Shekara biyu da dawowarsa, a 1921, gobara ta tashi a Čičmany ta lashe babban ɓangaren ƙauyen. Katako ne fa, gida manne da gida. An sake ginawa, a 1945 kuma yaƙi ya sake ƙona wasu. Nan ne gabana ya faɗi da nake karantawa, don na gane wasu gidajen da nake kallo a waya ta babu su ko'ina a doron ƙasa sai a kan gilashin da wani ya yi dakonsa ya hau dutse da shi.

Ban ce hotunan irin wannan zamanin sun nuna komai ba. Duk wanda aka ce za a ɗauke shi hoto kayan fitarsa zai sako, yunwar da ta kori maza zuwa Amurka ba sosai take fitowa a fuskar rigar biki ba, kuma wannan yana ɗan damuna. Amma ko da hakan, gara a same su cikin kwalliya da a rasa su gaba ɗaya.

Bayansa wasu sun ɗora, musamman Karol Plicka, haifaffen Biyana, babban birnin Ostiriya, wanda ya yi wa Matica aiki yana bin ƙauyuka yana rubuta dubban waƙoƙin gargajiya yana ɗaukar hoto da fim, yanzu har gidan tarihi gare shi a ƙauyen Blatnica. Shi ya fi yin suna. Socháň kuwa ya rasu a Bratislava, babban birnin Sulobakiya, a 1941, bai ga ranar da aka ayyana Čičmany a matsayin wurin tarihi mai kariya ba, sai a 1977 aka yi wannan. Yau masu yawon buɗe ido ne ke tsayawa gaban gidajen suna ɗaukar kansu da waya, zanen ma ya hau riguna da jakunkuna, har kayan 'yan wasan ƙasar na Olamfik an taɓa yi musu ado da shi.