Asabar: ni da Baffa da fim ɗin Shane

Yau dai faifan da nake ta jira ya iso. Ɗan ƙanwar mamata da ke karatu a Ingila ne ya ba wani abokinsa da zai dawo gida, shi kuma ya kira ni da hantsi yace in same shi wajen Zoo Road, ko karyawa ban tsaya yi ba na tari adaidaita. Shane ne, fim ɗin kaboyi na 1953, wanda George Stevens ya ba da umarni, na hannu ne amma wallahi ko ƙarzane babu a jikinsa.

Dama ina da shi a kaset, amma irin kwafin kwafin nan ne, kala duk ta koɗe, duwatsun da ke bayan gidan manoman sun zama dishi-dishi ba ka gane dutse ne ko hadari. Kwanaki na leƙa wajen masu turawa ko zan dace, yaron yace kaboyi kuma yallaɓai? ya bincike kwamfutarsa kaf sai Indiya fassara da na Turkiyya da na Koriya. Ban ga laifinsa ba, abin da ake nema shi yake ajiyewa. Shi ya sa nake tara nawa a hankali, in na ji labarin mai kyau in bi shi har in samu, kowanne da ledarsa saboda ƙurar hunturu ba ta da kirki ga faifai. Su faifan DVD kuma da lambar yanki suke zuwa, na Amurka 1, na Ingila 2, mu nan muna 5, Allah ya taimake ni na'urata ƴar Chana ce ba ruwanta, duk wanda ka sa mata karantawa take.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne hoton cikakke ne. An ɗauki fim ɗin a 1951 da tsohon tsarin nan mai kusan kusurwa huɗu daidai, kafin ya fito talbijin ta fara janye mutane daga silima a Amurka, kamfanoni suka koma yayin allo mai faɗi, sai aka datse masa sama da ƙasa don ya shiga yayi. To a wannan fim ɗin sama ai ita ce rabin labarin, duwatsun Teton na jihar Wyoming tsaye a kan mutane ƴan ƙanana, mai ɗaukar hoton Loyal Griggs har Oscar ya ci a kansa.

Bayan isha'i na je na ɗauko Baffa. Shi ne ya koya min son kaboyi tun ina ƙarami, yana ba ni labarin Plaza da Eldorado lokacin silima ba rufi, ana kallo ana ihu in akta ya zaro bindiga, kafin Indiya da Chanis su cinye kasuwar. Yana zama yace, “To ɗana, wane ne bos ɗin?” Nace Baffa ka bari ka gani, bos ɗin nan ba irin wanda ka saba ba ne.

Labarin dai rigimar ƙasa ce. Gwamnatin Amurka ta yi doka a 1862, duk wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara biyar an mallaka masa eka 160, sai talakawa suka yi ta kwarara yamma da iyalansu suna kafa shinge, su kuma manyan masu shanu da suka saba sakin garke ba iyaka suka ga an tare musu makiyaya da mashaya. Alan Ladd ne Shane, ɗan bindigar da ya gaji da bindiga ya zo ya zama ɗan ƙodago a gonar Joe Starrett. Wajen da su biyun suka taru a kan wani ƙaton kututture da gatari har suka tumɓuke shi, Baffa cewa ya yi a mayar masa baya, yace wanda ya shirya wannan ya san wahalar sharar sabuwar gona.

Amma inda muka daɗe shi ne zuwan Ryker mai shanu gidan Starrett da daddare. Ni a duk kaboyin da na tara ban san inda aka bar mugu ya faɗi hujjarsa haka ba. Tsoho ne, ya zayyana yadda suka zo wurin ba kowa nasu, suka sha yunwa, abokansa suka mutu, har yau da raunin kibiya a kafaɗarsa, yanzu ga baƙi sun zo sun kewaye fili sun janye ruwan rafi zuwa gonakinsu. Kuma ba ƙarya yake ba! Starrett ya mayar masa da cewa ai kafin shi ma akwai mafarauta da ƴan kasuwa da suka riga shi. Na tsayar da faifan nace Baffa ka lura su biyun ba wanda ya kawo maganar haƙƙin asalin masu ƙasar, su Cheyenne da Shoshone da aka kora, sai dai kibiyar nan da zargin korar masa shanu kawai. Wannan abin yana ci min rai a finafinan kaboyi da yawa, ina son su sosai amma ba zan ce ban gani ba.

Baffa ya yi shiru can yace, “Wannan ai zancen burtali ne da gona.” Nace da kama Baffa amma da bambanci, su can masu shanun attajirai ne masu ƙungiya da ƴan siyasa a aljihu, ba makiyayi mai sanda da ke bin shanunsa a ƙafa ba. Abin ya faru da gaske ma, a 1892 a gundumar Johnson ta Wyoming manyan masu shanu suka yi hayar ƴan bindiga daga Texas, suka kashe wani Nate Champion, mutanen gari suka taso suka yi musu ƙawanya, sai da shugaban ƙasa Benjamin Harrison ya turo sojoji suka fitar da su, ƙarshe ba wanda aka hukunta. Baffa yace to nan kam ba bambanci.

Sai kisan Torrey, ɗaya daga cikin manoman. Jack Palance, wanda ya fito a ɗan bindigar da Ryker ya yi haya, cikin baƙaƙen kaya yana tsaye a kan dandamalin katako, shi kuma ɗan manomin yana ƙasa cikin caɓi yana zamewa, harbi ɗaya aka yi ya yi baya ya faɗa cikin laka. Waya aka ɗaura wa ɗan wasan aka fizge shi, ƙarar bindigar kuma da gangan aka ƙara mata ƙarfi. Stevens ya je yaƙin duniya na biyu da kyamara, har sansanin Dachau da ƴan Nazi suka hallaka mutane a ciki ya ɗauka, mutumin da ya ga wannan ba zai nuna harbi kamar wasa ba. A kaset ɗina ƙarar wani ɗan tas ce kawai, yau kuwa sai da matata ta leƙo daga ɗaki tana tambaya lafiya. Baffa da ke ba ni labarin ihu a silima ko tari bai yi ba.

Da aka gama muka ɗan yi musu a kan ƙarshen fim ɗin, inda Shane ya hau dokinsa ya tafi bayan an harbe shi, shi yace Shane mutuwa ya yi a kan dokin, ni nace rauni ne kawai, ba wanda ya sauka daga nasa. A hanyar raka shi gida yace sati mai zuwa Django yake so, mai jan akwatin gawa, na Franco Nero. Nace akwai shi, amma akwai wanda na fi so ya gani in na samu mai kyau, na Moustapha Alassane ɗan Nijar da ya yi a 1966, wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu, Zalika Souley ma tana ciki. Baffa ya tsaya cak a bakin lungu yace kaboyi a Nijar? Nace ƙwarai kuwa. Yace to a ajiye Django tukuna, in nemo wannan.