Kafin ka biya kuɗin injin gudu na motsa jiki (treadmill) na hannu

Fara da takardar da ke manne a jikinsa. Wanda aka shigo da shi daga Amurka yawanci na 110V ne, wutarmu kuwa 230V. Ka jona shi babu taransifoma, allon lantarkin ya ƙone nan take.

Kada ka yarda da gwajin da babu mutum a kai. Hau da kanka minti 15, ka ƙara gudu. Idan bel ɗin da ake takawa yana zamewa ko kana jin ƙauri, a rage kuɗi ko ka haƙura. Zura hannu ƙarƙashin bel: bushewa na nufin an daɗe ba a sa man silikon ba, abin da ke wahalar da moton da ke juya bel ɗin ke nan. Sitabilaiza kuma dole ne.