Dukan da Datsun 240Z ke yi idan an ba ta wuta

A garejinmu ba ma kwance noti ko ɗaya saboda ƙara sai mun hau titi da motar tukuna, mai ita yana tuƙi, ina gefensa. Ƙarar da ba ta fitowa sai an taka totur da ƙarfi ba za ta taɓa fitowa a kan rami ba, inda mota ke tsaye ba ta jan komai. Yawancin kayan da ake sa mutane su saya a banza, daga nan ɓarnar take farawa.

Kwanakin baya wani Alhaji ya kawo mana Datsun 240Z da ya gada wurin mahaifinsa. Motar Japan ce mai kujera biyu, an ƙera ta daga 1969 zuwa 1973, injinta silinda shida a jere, lita 2.4, tayoyin baya ke ja. Kukansa shi ne, da ya saki kuloci a giya ɗaya ko biyu ya ba ta wuta, sai ya ji dum a bayan kujera. In ya ɗaga ƙafa ta sake yi, amma a hankali. An riga an gaya masa a wani wuri cewa diferensha, wato akwatin haƙoran da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya, ta mutu, sai dai a nemo wata daga waje.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mu ɗan zaga." Na sa yarona ya kwanta a cikin motar ta baya, tafin hannunsa a kan daɓe. Muna fita na san haƙoran diferensha ba su da laifi. Haƙorin da ya ci kuka yake yi, siririn kuka mai bin gudun mota, yana sauya murya tsakanin lokacin da kake taka totur da lokacin da ka saki. Boris ɗin taya gurnani yake yi, ya ƙaru in an sha kwana. Wannan kuwa duka ne guda ɗaya, daidai lokacin da ƙarfi ya shiga, kuma yaron ya ce a tsakiya yake jin sa, a ƙarƙashin hannunsa.

Abin da ke faruwa shi ne, in ƙarfi ya taho ta furofela, wato sandar da ke kawo juyi daga giyabos, ƙaramin haƙorin diferensha yana neman ya hau babban, sai hancin diferensha ya ɗaga sama. A wannan motar mauntin na gaba, wato robar da ke riƙe hancin, a ƙasa yake, don haka duk takawar totur jan robar ake yi, ba danna ta ba. Masu ƙera ta sun sa wata ɗamara ta sama don ta tare hancin. Shekara hamsin ta wuce, roba ta rabu da ƙarfenta, ɗamara ta saki, sai hancin ya tashi ya daki jikin mota. Abin da ke ruɗar mutane, in ka leƙa da tocila za ka ga mauntin ɗin lafiya lau, don nauyi ya danne tsagar ta rufe. Sai da na sa jak a ƙarƙashin hancin na ɗaga kaɗan, robar ta buɗe baki har yatsana ya shige. A sama kuma ga wurin da ƙarfe ke dukan ƙarfe, ya yi sheƙi, ba tsatsa ko kaɗan. Na kira Alhaji ya sauko ramin ya gani da idonsa.

Wannan sauraron wurin marigayi maigidana na koya, Allah ya jiƙansa, zamanin da Fijo 504 ta kamfanin Kaduna ta cika titi. Yakan ɗora bakin dogon sukundireba a jikin giyabos, ya manna kunne a ƙotar, ya rufe ido. In mun dawo daga gwaji ba ya tambaya me ya lalace. Cewa yake, "Ƙarar injin take bi ko taya?" In ka yi shiru, ka koma titi ke nan.

Ban tsaya a mauntin ba. Motar nan kuros, wato gaɓar da ke barin sanda ta lanƙwasa tana juyawa, shida gare ta, biyu a furofela, biyu biyu a sandunan da ke zuwa tayoyin baya. Kowanne na kama da hannu biyu na murɗa, ɗaya na hagu yana wasa, ga jan ƙurar tsatsa a bakin kofinsa. Bushin ɗin lanƙwasasshen ƙarfen da ke riƙe diferensha ta baya su ma sun tsattsage. Na duba mauntin inji da na giya, na duba ko salansa na taɓa jiki, na tsiyaye man diferensha na shafa a yatsa, babu ɓurɓushin ƙarfe.

Abin da ke ci min rai shi ne roba. Jabu ta cika kasuwa, baƙa ce wul, kwalinta ya fi na asali kyau, amma ka danna ta da farce sai ta lotsa kamar sabulu. Ka sa ta yau, kafin damina ta wuce duka ya dawo, kuma sunanka ne zai ɓaci, ba na mai shago ba. Shi ya sa nake mayar da kaya ko da dillali zai yi fushi. Sai kuma mai mota ya ce, "Malam, 'yar wannan robar ce za ka caje ni haka?" Ya manta an kusa sa shi sayen diferensha sukutum, wadda in an ɗora ta a kan tsohon mauntin dukan zai ci gaba.

Mun sa sabon mauntin da ɗamara da bushin da kuros ɗaya, diferenshar mahaifinsa tana nan yadda take. Duk mai tsohuwar mota irin wannan da ke jin ƙara, ya kawo ta da kansa, kada ya aiko direba, kuma kada a zuba mata mai mai kauri don a rufe bakinta kafin mu ji. Kayanta na ƙwarai oda muke yi, sai an yi haƙurin 'yan makonni.