Gini a asibitin da ba ya rufewa

Shekara goma sha bakwai ina harkar gini a Garwa, a arewacin Kamaru, kafin aikin asibiti ya zo hannuna. Na yi gidaje, na yi shaguna, na yi azuzuwan makaranta, har na fara ganin babu abin da ya rage mini a sana'ar. A ƙarshen 2020 wani ɗan kwangila da muka saba ya kira ni in riƙe masa ma'aikata a wani asibiti na cikin gari. Za a ƙara ɓangaren haihuwa, bene hawa ɗaya, da doguwar baranda mai rufi da za ta haɗa shi da tsohon ɗakin tiyata. A takarda ni ne shef shantiye, wato shugaban wurin aikin gini, yadda ake faɗa a nan. A bakin leburori kuwa Shef kawai.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, gidan mutum kana gina shi ne babu kowa a ciki. Nan kuwa taku goma daga injin kwaɓa siminti akwai tagar da mace take naƙuda a bayanta. Ranar da muka fara fasa tsohuwar katanga, hunturu na busawa, ko awa ɗaya ba mu yi ba wata dattijuwar ungozoma ta fito ta riƙe ƙugu.

"Ɗan nan, kai ne babbansu?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"To zo ka gani."

Ta ja ni har bakin wani ƙaramin gado, ta shafa yatsa a ƙarfensa ta nuna mini. Fari fat da ƙurarmu, ga jariri kwance a ciki. Ban ce uffan ba. A ranar muka kafe langa-langa muka zagaye wurin aikin, muka rataya jiƙaƙƙun buhuna a gefen tagogi, na ware yaro guda ba shi da aiki sai yayyafa ruwa. Tun daga nan kowace safiya sai na je na gaishe ta na ji yadda ɗakin ya kwana kafin in ce a ɗaga guduma.

Haƙa harsashi ya ba mu tasa wahalar. Ƙasar wurin laka ce, irin wadda take tsattsagewa da rani ta kumbura da damina, dole muka nutsa ƙasa sosai har muka sami mai tauri. A cikin haƙan diga ta fasa bututun ruwan da babu shi a kowace takarda, asibiti ya wuni babu ruwa a famfo. Wani tsohon maigadi da ya fi kowa daɗewa a wurin ya ce da mun tambaye shi da ya nuna mana. Washegari na bi shi da gwangwanin fenti, yana nunawa da sanda ina shatawa. Bai kuskure ko ɗaya ba.

Siminti bai dame mu ba, tunda masana'antar Figil tana nan kan hanyar Marwa. Yashi kuwa na Binuwai ne, sai dai ka tara shi da rani kafin kogi ya cika. Rodi da tayil da kayan famfo su ne ciwon kai: daga Duwala suke tasowa, jirgin ƙasa ya sauke su a Gaundare inda layin dogo ya ƙare, sannan manyan motoci su gangaro da su daga kan tsauni. Ga kuma gari cike da ayyukan shirin gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, wadda filin Roumdé Adjia ya karɓi wasu wasanninta. Magini mai hannu ya yi tsada, ka yi masa magana da ƙarfi gobe ka gan shi a wani shantiyen.

Zuba dakin, wato kankaren da ake shimfiɗawa a saman gini, ya faɗo mana a watan Afrilu na 2021, kuma azumi ya kama a tsakiyar watan. Wanda ya san Garwa ya san Afrilunta. Zafi yana haura digiri 40, rodi ba ya taɓuwa da hannu da rana. Kankare a irin wannan zafi yana shanye ruwansa tun bai kama ba, sai ka wayi gari ya yi tsaga kamar faso. Lebura kuma in kwaɓi ya yi masa tauri, abin da ya sani shi ne ya ƙara ruwa don shebur ya shiga da sauƙi, bai san ƙarfin ginin yake sacewa ba. Ma'auninmu buhun siminti bakwai ne mai kilo 50 a kowace mita kubik ta kankare, wato kilo 350, ni da kaina nake tsayawa a bakin injin ina ƙirga bokitin ruwa.

Na yanke shawarar mu zuba da dare, daga bayan tarawihi zuwa sahur. Amma dare ne lokacin da marasa lafiya suke samun ɗan barci. Na koma wurin Inna. Ta yi shiru, sannan ta ce dare ɗaya ta ba ni, kuma in kai janareta can bayan katanga. Janareta kuwa ya zama dole, don a shekarar ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, wuta ta koma ta rabo. A daren nan akwai wani mutum da ya kawo matarsa haihuwa daga wajen Pitowa, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Can na hango shi a cikin layin leburori da kwanon sarki a ka. Na ce, "Malam, ai ba ka cikin lissafi." Ya ce in bar shi, zaman ne yake kashe shi. Da shi muka ƙarasa. Kwana bakwai dakin yana lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna ana ba shi ruwa safe da yamma, ruwan ma na tanka muka saya don kada mu taɓa na asibiti. Ɗan kwangila ya so a cire katakon tallafi da wuri a kai wani aikin, na ƙi. Kankare sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa, kuma mata ne za su kwanta a ƙarƙashinsa.

Kuskuren da har yau nake jin kunyarsa nawa ne ni kaɗai. Zane ya ce ƙofofin ɗakuna su yi faɗin mita ɗaya da santimita 20. Akwai firam guda biyu na santimita 90 da suka rage mana daga wani gida, na ce ƙofa ai ƙofa ce, na sa aka kafa su a ɗakunan ƙarshe. An yi filasta, an yi fenti. Ana saura kwanaki a zo duba aiki Inna ta turo gadon asibiti mai taya, babu kowa a kai, tana bi ɗaki ɗaki. Da ta iso na ƙarshe sai ji muka yi ƙwas. Ta ja baya, ta sake gwadawa, ta dube ni.

"In jini ya ɓalle mata da tsakar dare, a kanka za ka ɗauke ta?"

Muka fasa, har lintal, wato kankaren saman ƙofa, sai da aka sake. Daga aljihuna kuɗin ya fita. Yanzu ko ɗakin shan magani na ƙauye aka ba ni, sai na aro gado na tura shi ta kowace ƙofa da kowace kwana tun bulo bai wuce ƙugu ba.

Sai maganar darbejiya. A Yawunde aka yi zanen, kuma daidai inda aka sa ramin masai akwai wata babbar darbejiya da ba ta fito a takarda ba. A gindinta masu jinya suke zama. A nan ƙasar mara lafiya ba ya zuwa asibiti shi kaɗai. Uwa ce ko ƙanwa ko kishiya za ta biyo shi da tabarma da tukunya da ƙullin gari, ita ce mai dafa masa kunu, mai wanki, mai gudu zuwa kantin magani da takardar likita. Ga Hausa, ga Fulatanci, ga yarukan da ban ma san sunansu ba, duk a inuwa ɗaya. Zanen ya tanadi wurin ajiye motoci, su kuwa ko tabarma ɗaya bai bar musu ba. Na kai injiniya wurin da azahar, na ce ya tsaya a rana minti biyar tukuna, sannan ya shigo inuwa. Ya yi dariya, amma ya yarda aka matsar da ramin. Da ragowar bulo da siminti muka yi musu dakali zagaye da bishiyar, muka ja famfo, muka dandaɓe wurin wanki.

Bara ƙanwar matata ta haihu a ɓangaren, na kai musu abinci da yamma. Na bi ta baranda ina kallon bango, babu tsaga ko ɗaya. Da na fito gindin darbejiya sai na tarar babu wanda yake zaune a kan dakalin. Ashe na ɗaga shi da yawa, tsohuwa in ta hau ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Sun shimfiɗa tabarminsu a ƙasa kamar dā, dakalin kuwa sun jera masa tukwane da kwanuka.