Ƙarfin Damƙa da Nauyin Hujja

Shekarun baya na sayi wani ɗan ƙarfen matsa hannu, irin wanda masu harkar ɗaga ƙarfe ke kira girifa, wato mariƙai biyu da aka haɗa da murɗaɗɗen sifirin, mutum ya damƙe su har su haɗu. An rubuta laba 200 a jikinsa, kuma cikin 'yan makonni na fara rufe shi da hannu ɗaya, har na soma faɗa wa abokan atisaye adadin da murmushi. Ranar da wani ya miƙo mini girifa ta wani kamfani daban, wadda aka rubuta mata laba 195, na matsa iya ƙarfina amma mariƙan suka tsaya da tazarar da yatsa zai iya shiga tsakaninsu. Ban yi wa kowa ƙarya ba a baya, domin na rufe abin da na ce na rufe, sai dai adadin da nake ta ambata ba shi da wata ma'ana a wajen wannan ƙarfe guda ɗaya da ke hannuna. Tun daga ranar na fahimci cewa a fagen ƙarfin hannu, adadi kaɗai ba ya faɗin komai sai an san sharuɗɗan da aka same shi a cikinsu.

Dalilin haka yana cikin yadda hannu yake aiki. Yawancin tsokokin da ke lanƙwasa yatsu ba a tafin hannu suke ba, suna cikin dantse ne, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, kuma dogayen jijiyoyi ne ke ɗauko ƙarfinsu su ratsa wuyan hannu su kai shi ga yatsu. Babban yatsa kuma yana da nasa tsokokin a gindinsa. Shi ya sa masu horon suka kasa ƙarfin hannu gida uku: akwai matsa, kamar rufe girifa, akwai riƙon babban yatsa da sauran yatsu, kamar a ɗaga faifan ƙarfe biyu da aka haɗa, santsin yana waje, akwai kuma juriyar riƙo, wato a riƙe nauyi mai yawa na wani lokaci ba tare da hannu ya buɗe ba. Wanda ya ƙware a ɗaya yana iya zama ɗan koyo a ɗayan, kuma ƙaramin canji a kaurin mariƙi, ko santsinsa, ko jujjuyawarsa, yana iya rage abin da mutum zai ɗaga da kilo masu yawa. Sandar da ake gasar ɗaga nauyi da ita a wasannin Olamfik, ta maza, kilo 20 ce kuma kaurinta milimita 28, wanda yatsu ke zagayewa su kulle. Idan kaurin ya kai milimita 50 ko 60, yatsu ba sa haɗuwa da babban yatsa, sai nauyin ya riƙa buɗe hannun da kansa.

Tsoffin ƙarfafa na dandalin nuni sun san wannan sirri sarai, kuma da shi suka ci abinci. Thomas Inch, Baturen Ingila da aka haifa a Scarborough a 1881, ya shahara da wani dambel, wato gajeriyar sanda mai dunƙulen ƙarfe a kowane gefe da ake ɗagawa da hannu ɗaya, mai nauyin laba 172, kusan kilo 78, wanda ya riƙa ƙalubalantar jama'a su ɗaga daga ƙasa da hannu ɗaya. Kilo 78 ba wani abin tsoro ba ne ga ƙaƙƙarfan mutum, amma kaurin mariƙin ya kai kusan santimita 6, kuma da yake dambel ɗin zubi ɗaya ne, da zarar ya bar ƙasa sai ya nemi juyawa ya kufce ta wajen babban yatsa. Abin da ya sa labarinsa ya dace da zancenmu shi ne Inch yana da wasu dambel ɗin masu kama da wannan amma ba su kai shi nauyi ba, saboda haka duk wanda ya karanta cewa ya ɗaga dambel ɗinsa sama da kai a wani taro, dole ya tambaya: wanne daga ciki? Masu tarihin wannan fage sun daɗe suna muhawara a kan wannan tambaya. A 2002 ne Mark Henry, ɗan Amurka, ya ɗaga kwafin dambel ɗin mai cikakken nauyi daga ƙasa zuwa kafaɗa sannan sama da kai da hannu ɗaya a gaban shaidu, kuma ba a jayayya a kan nasa saboda an san abin da ya ɗaga da waɗanda suka gani.

A ganina, misalin da ya fi kyau na yadda ake tabbatar da bajinta shi ne na ƙafafun jirgin ƙasa na Louis Uni, Bafaranshen da ake wa laƙabi da Apollon. Ƙafafu biyu ne da aka haɗa da sanda mai kaurin kusan milimita 49 wadda ba ta juyawa, nauyinsu duka kilo 166. Da yake ƙarfen ya wanzu bayan mai shi, an sami damar auna shi, an kuma ajiye shi a gaban zakarun da suka zo daga baya: Charles Rigoulot ya ɗaga shi sama da kai a 1930, John Davis a 1949, Norbert Schemansky a 1954. Ƙarfe ɗaya, nauyi sananne, shaidu da yawa, mutane daban-daban. Da za a sami irin wannan a kowace da'awa, da gardama ta yi sauƙi.

Amma ba a samu ba. An rubuta cewa Hermann Goerner na Jamus ya ɗaga kilo 330 daga ƙasa da hannu ɗaya a birnin Leipzig a 1920, kuma mafi yawan abin da ake faɗa game da bajintarsa ya zo ne ta hannun Edgar Mueller, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa kuma yake ƙaunarsa. Ban ce bai yi ba, domin babu shakka Goerner yana cikin mafiya ƙarfin hannu da aka taɓa gani, sai dai shaidar masoyi guda ba ta kai awon sikeli a gaban alƙalai ba. Haka kuma Paul Anderson, wanda ya ci zinare a Olamfik ta 1956 kuma ƙarfinsa ba abin musu ba ne, an ce ya ɗaga laba 6,270 a bayansa a 1957. Kundin bajinta na Guinness ya ɗauki adadin shekaru da dama, daga baya ya cire shi saboda rashin isassun hujjoji. Darasin da na ɗauka a nan shi ne cewa ƙarfin mutum na gaskiya ba ya zama hujjar kowane adadi da aka jingina masa, kuma sau da yawa masu ba da labari ne ke ƙara gishiri, ba mai ƙarfin ba.

A zamaninmu, tsarin da ya fi shahara wajen tantance ƙarfin matsa shi ne na kamfanin IronMind da ke Kalifoniya a Amurka, wanda Randall Strossen ya kafa, mai yin girifar Captains of Crush. Lamba 1 an ƙiyasta ta laba 140, lamba 2 laba 195, lamba 3 laba 280, lamba 4 kuma laba 365. Richard Sorin ne mutum na farko da aka ba wa shaidar rufe lamba 3 a 1991, Joe Kinney kuma na farko a lamba 4 a 1998, kuma cikin 'yan ƙalilan da suka biyo shi akwai Magnus Samuelsson na Suwidin, wanda ya lashe gasar mutumin da ya fi kowa ƙarfi a duniya a 1998. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda dokokin suka tsananta. Da mutane suka gano cewa idan suka yi amfani da ɗaya hannun suka fara matso mariƙan sosai kafin su damƙe, aikin yana raguwa ƙwarai, sai a 2004 aka kawo dokar katin banki: kafin a fara matsawa, dole faɗin katin, kusan milimita 54, ya shiga tsakanin ƙarshen mariƙan biyu. Ana kuma buƙatar girifar ta zama sabuwa, a buɗe ta daga cikin ledarta a lokacin gwajin, saboda wadda aka daɗe ana matsawa, ko aka sa wa sifirinta mai, ko aka taɓa ta da kayan aiki, ba daidai take da sabuwa ba. Saboda haka idan wani ya ce ya rufe lamba 3, tambayar da ta dace ita ce daga wace tazara ya fara, kuma girifar wa ce.

Ko girifa biyu masu lamba ɗaya daga kamfani ɗaya ba sa zama daidai, domin ɗan bambanci a kaurin waya ko zurfin da sifirin ya shiga mariƙi yana canza wahalar. Wannan ne ya sa masu sha'awar fagen suka ƙirƙiro nasu awon, inda ake ɗaure mariƙi ɗaya, a rataya nauyi a ƙarshen ɗayan har su haɗu. Da wannan awo, lamba 3 takan faɗo kusan laba 150, ba 280 ba. Wannan ba yana nufin an yaudari kowa ba ne, hanyoyin awon ne suka bambanta, amma ya isa ya nuna cewa kwatanta adadin kamfani ɗaya da na wani ɓata lokaci ne, wanda kuwa shi ne kuskuren da na fara da shi.

Mukan ce gani ya kori ji, amma bidiyon intanet ya raunana wannan magana. Ana yin faifai na bogi masu kamar ƙarfe alhali ba su da nauyi, ana yanke hoto a haɗa, ana kuma ajiye kyamara ta kusurwar da ba za a ga ko mariƙan sun taɓa juna ba. Ni dai idan zan yarda da bidiyo, ina son in ga an ɗora kayan a kan sikeli, an auna kaurin mariƙi, sannan an yi ɗagawar, duk a ɗauka ɗaya ba tare da yankewa ba, kuma kayan ba su fita daga hoton ba. Ina kuma duba tarihin mutumin, domin ƙarfin hannu a hankali yake zuwa, kuma wanda zai rufe lamba 3 yau lallai akwai lokacin da aka gan shi yana fama da lamba 2. A gasar da ke da tsari ana amfani da faifan da aka tantance nauyinsu, da alƙalai uku masu nuna farar fitila ko ja. Har ma da duk wannan ana iya samun saɓani. Eddie Hall ya ɗaga kilo 500 daga ƙasa a gasa a Leeds a 2016, sai Hafthor Bjornsson ya ɗaga 501 a watan Mayu na 2020 a ɗakin atisayensa a Ayislan lokacin annobar korona, an auna faifan, an nuna kai tsaye, Magnus Ver Magnusson kuma ya yi alƙalanci, amma wasu suka ce tun da ba a gasa aka yi ba, bai kamata a lissafa shi tare da na farko ba. Gardamar a nan ba a kan ko ya ɗaga ba ce, a kan sharaɗi ce. Kuma ga mai nazarin ƙarfin hannu akwai ƙarin bayani: dukansu biyu sun ɗaura madaurin da ke haɗa wuyan hannu da sanda, wanda dokar irin wannan ɗagawa ta yarda da shi, don haka bajintar ta ƙarfin gadon baya da ƙafafu ce, ba ta riƙo ba.

Game da horon kansa, abin da na gani yana aiki ba shi da yawa. Tsoka tana ƙarfafa da sauri fiye da jijiya, shi ya sa mai gaggawar da ke matsa girifa mai nauyi kullum yakan ƙare da ciwo a gwiwar hannu ko gaɓoɓin yatsu kafin ya ga ci gaba. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar, a fara da mai sauƙi don ɗumama hannu, a yi 'yan matsa kaɗan masu nauyi, a ƙara da riƙon faifai da rataya a sanda ko tafiya da nauyi a hannu biyu, sannan a horar da tsokokin buɗe yatsu da roba don kada ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya. Allin da ake shafawa yana shanye gumi ne kawai, amma ko shi yana canza sakamako, don haka ya cancanci a ambace shi.

Likitoci ma suna auna ƙarfin damƙa, da wata na'ura mai nuna kilo. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2015, wanda ya bi kusan mutum 140,000 a ƙasashe 17, ya gano cewa duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa tana tafiya da ƙaruwar haɗarin mutuwa da kashi 16 cikin 100. Wannan alama ce ta lafiyar jiki gaba ɗaya, ba alkawari ba ne cewa matsa girifa zai tsawaita kwana. Abin da ya sa aka iya kwatanta mutane masu yawa haka shi ne an yi amfani da na'ura iri ɗaya da hanya iri ɗaya ga kowa.

Wannan tsari na ara na sa a littafin atisayena. A da nakan rubuta cewa na rufe kaza, yanzu kuwa nakan rubuta wace girifa ce, da wane hannu, daga wace tazara, da alli ko babu, sannan in mariƙan ba su haɗu ba in auna abin da ya rage da milimita. Girifar nan mai laba 195 da ta kunyata ni, na rufe ta daga baya da hannun dama daga faɗin kati, a gaban mutum biyu da suka duƙa suka ga ƙarfe ya taɓa ƙarfe. A hannun hagu kuwa, abin da ke rubuce a shafin makon jiya shi ne saura milimita 4.